Daga Doki Zuwa Babur a Ƙasar Kabi

Garin Gulma yana cikin ƙasar Argungu, a gefen yamma na babbar fadamar nan da Gulbin Kabi ya ratsa, watau gulbin da waɗansu ke kira Rima, waɗansu kuma Gulbin Sakkwato. Argungu tana ƙetaren ruwa wajen arewa maso gabas, Birnin Kebbi kuwa tana kudu, ita ma a wancan ƙetaren. Wanda ya dubi taswira sai ya ce garuruwan nan uku maƙwabtan juna ne, sukuwar doki kaɗan ta isa. Amma wanda ya taɓa ratsa fadamar cikin watan Agusta ya san da laka a ke auna nisanta, ba da mil ba.

Shekara iri uku ce ga matafiyi a wannan kwari. In damina ta yi nisa sai gulbi ya cika ya batse, ya malale fadama, ba a ganin kome sai ruwa da kan shinkafa. Bayan ruwa ya janye sai ya bar taɓo da laka mai kama ƙafa, wadda in ta bushe ta kan tsattsage ta yi tauri kamar marmara, ga sawun shanu a kafe a cikinta. In kuma aka hau tudu, aka nufi ƙasar Arewa, sai rairayi mai zurfi da ƙaya. Saboda haka tun zamanin kakanni babbar damuwar mutumin Kabi ita ce abin da zai hau ya kai shi inda za shi, ya kuma komo da shi gida lafiya.

Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, da abu biyu ya yi maganin wannan, doki da jirgi. Shi yana cikin jarumawan da suka bi Askiya Muhammadu, Sarkin Songai, zuwa yaƙin Agadas. Da aka komo aka sami saɓani a kan rabon ganima, sai Kanta ya ɓalle wajen shekara ta 1516, ya tsaya da ƙafarsa, ya gina birnin Surame, wanda kufansa da ragowar ganuwarsa ta dutse suna nan har yanzu. Da rani dawakinsa ke cin ƙasa. Da damina kuwa, masu ba da labari sun ce yana da wani babban jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, mutum hamsin ke tuƙa shi, a cikinsa ya ke kewaya garuruwansa.

Daga baya sarakunan Kabi suka bar Surame, suka zauna Birnin Kebbi wajen shekara ta 1700. Nan su ke har 1805, sa'ad da rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta ci birnin. Kabawan da ba su yarda su bi ba suka tattaru a Argungu da waɗansu garuruwa masu ganuwa da ke kusa da ita, irin su Gulma da Augi da Sauwa da Zazzagawa. Cikin 1849 Yakubu Nabame ya sake ta da tutar Kabi, aka shiga yaƙi da Gwandu da Sakkwato, ba a huta ba har zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun sulhun nan da a ke kira Lafiyar Toga. Abin mamaki ne ƙaramar ƙasa irin wannan ta tsaya wa manyan birane biyu fiye da shekara hamsin. Jaruntaka tana ciki, ba shakka, amma fadama ma ta yi nata yaƙin. Rundunar dawaki ba ta iya ratsa ta sai ruwa ya janye ƙasa ta bushe, Kabawa kuwa 'yan ruwa ne, sun san kowane mashigi da kowane tsibiri.

A wancan zamani doki dukiya ne babba, sayensa kuwa ba aikin garaje ba ne. Mai saye ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya nemi wanda ya san dawaki ya raka shi. A buɗe bakin dokin a dubi haƙoransa don a san shekarunsa. A ɗaga ƙafafunsa ɗaya ɗaya a dubi kofato. A tuɓe sirdi a shafa baya, ko akwai tsohon miki da aka rufe. Sa'an nan a hau a yi sukuwa da shi, a tsaya a saurari numfashinsa. Bayan duk wannan sai a tambayi asali, watau na wane ne, daga ina ya fito, gama ɓarayin dawaki ba yau aka fara su ba. Dillali ya tsaya, shaidu su tsaya, kana a biya kuɗi. Talaka dai bai kai ga doki ba, jaki ne abokin tafiyarsa, da takarkari, su ke ɗaukar masa kifi busasshe da shinkafa zuwa manyan kasuwanni irin ta Jega.

Turawan Ingila suka sauka Argungu cikin 1902, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, suka ci Sakkwato cikin watan Maris na 1903. Yaƙi ya ƙare, hanyoyi suka buɗe. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci Argungu, aka shirya masa babban su a gulbi, wanda shi ne tushen bikin kamun kifin nan da ya yi suna a duniya. Amma zaman lafiya bai rage laka ba. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano cikin 1911, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929, nan ta tsaya, ba ta taɓa isowa ƙasar Kabi ba. Mota kuwa sai inda aka yi mata hanya. Shi kansa Di'o a kan doki ya ke rangadi, 'yan dako na biye da kayansa a ka.

Abin da ya fara rage wa doki daraja shi ne keke. Malaman En'e, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa masu ɗan hali suka dinga sayensa, musamman irin nan na kamfanin Raleigh. Keke ba ya cin dawa, ba ya bukatar ɗan barga, ba ya kwana da ciwon ciki. Sai dai in ya shiga rairayin tudu, mai shi ne ke sauka ya tura, in kuwa ya shiga taɓo sai ya ɗauke shi a kafaɗa. Watau rabin tafiya keke ya ɗauki mutum, rabi mutum ya ɗauki keke.

Shi babur a ƙasar Jamus aka fara shi. Cikin 1885 wani Bajamushe, Gottlieb Daimler, ya ɗora ɗan ƙaramin inji a kan wani abu mai kamar keke wanda aka sassaƙa da katako. Mutanen Ingila suka karɓi abin hannu bibbiyu, kamfanin Triumph ya fitar da nasa cikin 1902, na BSA ya biyo baya cikin 1910. Su kuwa Ingilishi mutane ne masu son gasa. Tun 1909 suka fara wata gasa a duwatsun Sikotilan don a ga wane babur zai jure kwanaki yana bin mummunar hanya bai lalace ba. Cikin 1924 kuma aka yi tseren farko a cikin daji sosai, a wani wuri da a ke kira Camberley. Daga irin waɗannan wasanni maƙera suka koyi abin da baburin daji ke bukata. Ya zama marar nauyi, don in ya faɗi mutum ɗaya ya iya ta da shi. Cikinsa ya yi nisa da ƙasa, don kada inji ya bugi dutse ko kututture. Tayarsa ta zama mai manyan ƙuraje masu kama ƙasa, salansa a ɗage ta sama, ƙafafunsa kuma su iya lotsawa da yawa in ya faɗa rami.

Baburan Ingila su ne suka fara shigowa Nijeriya, amma ba su yaɗu cikin ƙauyuka ba, gama ga nauyi ga tsada, ga yoyon baƙin mai. Mutanen Japan ne suka sauko da babur inda hannun talaka zai iya kaiwa. An kafa kamfanin Honda cikin 1948, bayan shekara goma ya fitar da wani ɗan ƙaramin babur mai suna Super Cub, wanda kafin ƙarshen 2017 an ƙera guda miliyan 100. Kamfanin Yamaha kuma cikin 1968 ya yi DT-1, babur mai bin kwalta ya kuma bi daji. Cikin 1973 ya ƙara da AG100, wanda aka ƙera musamman don makiyaya da manoman Ostareliya: sarƙarsa a rufe ta ke cikin gida don kada laka da ƙasa su ci ta, yana da wurin ɗaura kaya gaba da baya, ga jiki mai jure wuya.

Akwai wani labari na kamfanin Honda da ya kamata a tsaya a kansa. Cikin 1974 ya aiki ma'aikatansa su kewaya ƙasashen Asiya, su ga yadda talakawa ke aiki da babur. Suka tarar mutum uku ko huɗu a kan babur guda, ga kaya. Suka tarar ba a juye baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba a wanke abin tace iska, ba a kai babur wurin bakanike sai ya tsaya cik. Da suka komo gida ba su ce a tafi a yi wa mutane wa'azi ba, sai suka zauna suka ƙera injin da zai jure wannan wulakanci. Shi ne CG125, wanda ya fito cikin 1975. Yawancin baburan da ƙasar Sin ta yi ta aikowa Afirka daga baya, ko dai daga wannan aka kwaikwayo su, ko daga wani na kamfanin Suzuki.

Wannan ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur suka cika Nijeriya. Cikin 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, har da bashin watannin baya. Malamin makaranta da akawu da malamin asibiti, kowa ya tashi da kuɗi a hannu, da yawa kuwa babur suka fara saye. Masu son ado suka sayi Vespa, wadda ba ta ɓata babbar riga. Kyakkyawa ce a kan kwaltar Argungu zuwa Sakkwato, amma ƙananan ƙafafunta ba su san rairayi ba, da ta sauka daga kan titi sai ta nutse ta tsaya tana kuka. Malaman gona da ma'aikatan lafiya masu shiga ƙauyuka kuwa, irin su AG hukuma da ƙungiyoyin taimako suka riƙa ba su. A nan mutanen karkara suka fara ganin bambanci tsakanin baburin gari da na daji.

Daɗin bai daɗe ba. Cikin 1986 gwamnatin Janar Babangida ta karya darajar naira, sabon baburin Japan ya fi ƙarfin ma'aikaci, balle manomi. Motocin haya suka yi ƙaranci. Sai masu tsofaffin babura suka fara ɗaukar mutane a biya su, sana'ar da a ke kira kabu-kabu a ƙasar Sakkwato da Kabi, a Kano kuma acaɓa. Da aka yanke Jihar Kebbi daga ta Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ta zama babban birni, ma'aikata suka cika ta, 'yan kabu-kabu suka ƙaru. Daga nan sai ga baburan Sin irin su Jincheng, masu araha da yawan hayaƙi, bayansu kuma na Indiya, musamman Boxer na kamfanin Bajaj, mai dogon sirdi da ƙarancin shan mai. Shi wannan ba don daji aka yi shi ba, amma shi ne ya zama jakin wannan zamani a fadama da tudu baki ɗaya.

Noman rani ya ƙara masa kasuwa. Tun da injin ban ruwa ya yaɗu a fadama, manomi yana bukatar abin da zai kai masa inji da fetur da taki gona, ya komo da buhu. Cikin watan Nuwamba 1915 ba wanda zai yi mafarkin haka, amma bayan shekara ɗari daidai, cikin Nuwamba 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance, cikin 2017 kuma aka buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu. Shinkafa ta yi kuɗi, matasa da yawa suka sayi sababbin babura a kwali. Sai kuma kiɗa ya sake juyawa. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma ta haye 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Naira ta ƙara faɗuwa, har kuɗin sabon Boxer ya haye naira miliyan ɗaya cikin 2024. Mai ƙaramin ƙarfi ya koma neman na hannu.

To, a nan ne tsohon ilmin sayen doki ya sake amfani. Manomin da ya sayar da shinkafar shekara guda ya ɗauki kuɗin ya nufi kasuwar babura, abin da ke hannunsa ba kuɗin wasa ba ne. In ya dace, ya sami abin kai taki gona, da abin kai matarsa asibiti in naƙuda ta zo da gardama cikin dare, da abin neman na cefane da rani. In ya yi kuskure, ya sayo wa bakanike gona.

Masu hankali su kan fara da tambayar irin baburin tun kafin su dubi lafiyarsa. Wani lokaci a kan ga irin na tseren daji, dogo mai kyan gani, an shigo da shi ta Kwatano, a yi masa kuɗi kaɗan. Saurayi ya gani ransa ya biya. Amma ba shi da wurin ɗaura buhu, sirdinsa siriri ne kamar bakin faranti, tankinsa ƙarami, waɗansu ma ko fitila babu. Babban aibinsa kuwa, ranar da wani ƙarfe ya karye a cikinsa, sai a nema har Sakkwato da Kano a rasa. AG ya fi kowanne dacewa da fadama, sai dai samunsa da wuya, kayan gyaransa kuma ba kowane shago ba. Saboda haka mafi yawa su kan tsaya ga irin wanda kowane bakaniken ƙauye ya san cikinsa, wanda in fulogi ko sarƙa ta mutu za a samu a rumfar da ke kusa. In ya so a sa masa taya mai ƙuraje a baya, ya wadatar.

Sa'an nan a tambayi aikin da ya yi a hannun mai shi na fari. Baburin malamin makaranta da ke zuwa aiki ya komo ya jingine shi a zaure dabam ya ke da na ɗan kabu-kabu, wanda ba ya hutawa daga asuba har dare, ko da shekararsu ɗaya. Agogon da ke ƙidaya nisan tafiya ba abin dogara ba ne, gama yawanci ya daɗe da mutuwa, ko an kashe shi da gangan. Robar da a ke ɗora ƙafa, da ƙarfen taka birki, da na ta da inji, su ne haƙoran babur. In sun side sun yi santsi, ya sha tafiya, kome sabon fentin da aka shafa masa.

An fi son a je ganinsa da sassafe, a fara taɓa injin da hannu. In da ɗumi, watau mai shi ya riga ya ta da shi don kada a ga wuyar tashinsa. Inji mai lafiya, ko da sanyi, bugu ɗaya ko biyu ya kan tashi, mai bugawa kuma ya ji ƙarfen yana turo ƙafarsa. In ya tafi sakwaf ba nauyi, cikin injin ya cinye. Da ya tashi sai a koma baya a dubi salansa. Irin su AG100 da tsohon Jincheng, waɗanda ke ƙona wani mai tare da fetur, hayaƙi halinsu ne. Amma irin su Boxer da CG, in suna fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi wanda ba ya yankewa, to, ringi ya mutu, injin yana shan baƙin mai, gyara na nan tafe. Baƙin hayaƙi kuwa alamar fetur ya yi yawa ne, ko abin tace iska ya toshe da ƙura, wannan da sauƙi.

Baƙin mai shi ma ba ya ƙarya. A zaro ma'auninsa a shafa a yatsa. In ya yi fari-fari kamar an dama fura da nono, ruwa ya shiga injin, watau baburin ya taɓa nutsewa, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da a ke ratsa ruwa kullum. In ana ganin ɗan ƙyalli-ƙyalli a ciki, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. In kuma ya yi kauri ainun, mai yiwuwa an zuba mai nauyi ne don ya danne ƙarar da injin ke yi. Kawunan kusoshin injin ma a dube su. Waɗanda sifana ta cinye gefensu suna ba da labarin yawan buɗewa.

Inda mai saye ya fi cutuwa shi ne ƙashin bayan baburin, watau ƙarfen da kome ke ɗaure a jikinsa. A wannan ƙasa a kan ɗora wa babur buhun shinkafa biyu, mai shi ya hau kan tanki, a bi sawun shanu da shi. Ƙarfe kuwa yana da iyaka. Sai a ɗaga sirdi, a leƙa ƙarƙashin tanki da wuyan baburin, kamar yadda a ke tuɓe wa doki sirdi. In an ga walda, ko wani wuri da fentinsa ya fi na sauran sabunta, ya taɓa karyewa. Inji a kan gyara shi ya koma kamar sabo, amma ƙarfen da ya karye aka liƙa, wata rana zai sake buɗewa, ba ya kuwa sallama kafin ya yi. A sa wani ya tura baburin gaba, a tsuguna a baya a duba ko ƙafafun biyu suna bin layi guda. A girgiza kowace ƙafa hagu da dama a ji ko tana kaɗawa. A bi wayoyin ƙafar da ɗan ƙarfe ana ƙwanƙwasawa, mai lafiya tana amsawa da ƙara, sakakkiya kuwa shiru. A dubi shokazoba ko tana zubar da mai. A dubi haƙoran da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini sun lanƙwashe kamar lauje, su da sarƙar duka sai an sake.

Bayan wannan sai hawa. Gwajin da aka yi a kan kwalta bai nuna kome ba, kamar a gwada doki ne a cikin barga. A nemi wuri mai rairayi, a ɗauki mutum a baya, a shiga. In injin yana ruri baburin ba ya gaba, kuloci ya ƙare. In giya tana fita da kanta, ko kan baburin yana ja gefe guda, a komo a miƙa wa mai shi abinsa. Dillali zai ce, "Haba Malam, ai ɗan gyara ne kaɗan." Gaskiya ne wani gyaran kaɗan ne, amma sai a ƙidaya shi a cire daga kuɗin, a taya. In an ce albarka, a yi haƙuri, kasuwa ba ta ci sau ɗaya. Masu lura sun ce an fi samun sauƙi da faɗuwar damina, sa'ad da mutane ke neman kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, da kaka kuwa kowa na da kuɗi, abin sai ya hau. Kuma ba a ƙarar da kuɗi duka a wurin ciniki, gama da wuya a sami na hannu wanda ba ya bukatar taya ko sarƙa da sabon baƙin mai a makon farko.

Saura tambayar asali, wadda a wannan zamani ta fi ta kofato da haƙora nauyi. Babur ɗin nan da ya sauƙaƙa wa manomi shiga daji, shi ne kuma ya sauƙaƙa wa 'yan bindiga fitowa daga cikinsa. Cikin 2021, da abin ya tsananta, gwamnatocin Zamfara da Katsina da Sakkwato suka kafa dokoki masu ƙuntata hawan babur da sayar da fetur a jarka, har a Katsina aka hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Caranci a lokacin. Ƙasar Argungu ma ba ta tsira ba, gama cikin Nuwamba 2024 'yan bindigar nan da a ke kira Lakurawa suka kai hari garin Mera na ƙasar Augi, suka kashe mutane. Tun da abin ya zama haka, wanda aka kama da baburin sata, ko wanda aka goge lambarsa, yana da dogon bayani a gaban hukuma, "ban sani ba" kuwa ba ta cika fitar da mutum ba. Don haka a kan nemi rasiɗin farko na kamfani, a gwada lambar da ke rubuce a jikinsa da wadda aka buga a jikin injin da wadda ke wuyan baburin, harafi da harafi. In lambar ta yi kamar an kankare an sake bugawa, ko kyauta aka ba mutum kada ya karɓa. A rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa da garinsu, dillali sananne ya sa hannu, shaidu biyu su sa, in da hali a yi a gaban mai unguwa. Nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ke cin moriyar karatunsa, gama shi da kansa zai karanta lambar, ba sai an karanta masa ba.

Wanda ya sami na kirki, ya riƙa juye masa baƙin mai a kan kari, yana wanke soson tace iska da hunturu, yana rage wa taya iska kaɗan in zai shiga rairayi, to, zai bi da shi ko'ina daga Gulma har Kangiwa wata takwas ko tara cikin shekara. Sauran watannin kuwa hukuncin gulbi ne. In ruwa ya kai tsayin salansa ba a shiga da inji a kunne. Wanda tsautsayi ya sa baburinsa ya nutse, kada ya buga shi, sai ya cire fulogi ya tsiyaye ruwan, ya juye mai tukuna. Da ambaliya irin ta 2010 ko ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, hanyoyin fadama su kan ɓace ɗungum. A irin wannan lokaci sai a ga mai babur ya iso bakin ruwa ya kashe inji, ya yi ciniki da mai fito, mutum uku su kama baburin su ɗora shi a tsakiyar kwalekwale. Mai shi ya zauna ya riƙe shi da hannu biyu, mai jirgi ya sa gwangwala ya tura su zuwa ƙetare.